Yadda Ake Ɗora Babban Sufacaja a Kan Ƙaramin Inji Ba Tare da An Narkar da Fistin Ba

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san aikin zugazugi. Gawayin bai canja ba, amma da yaron maƙeri ya fara zuga sai wuta ta tashi daga ja ta koma fari-fari, ƙarfe ya yi laushi. Aikin sufacaja ke nan a jikin inji: bel ya ɗauko juyi daga karanshaf, ya juya wasu ƙarafa biyu masu haƙarƙari a cikin gida ɗaya, su kuma su riƙa ɗibar iska suna cusa wa injin fiye da abin da zai iya zuƙa da kansa. Asalinsa ma zugazugin ne. Wasu 'yan'uwa biyu a jihar Indiyana ta Amurka, Philander da Francis Roots, su suka yi masa rajista a 1860, kuma tanderun narka ƙarfe aka yi ta hura wa iska da shi tun ba a kai ga sa shi a mota ba. Irinsa ne kamfanin Eaton ke ƙerawa, shi ne kuma a cikin Benz ɗin da aka rubuta wa Kompressor a baya.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, ba a sa babban sufacaja don a ninka matsin iska. Ana sa shi ne don ya ba da iskar da ake buƙata yana juyawa a hankali, ba tare da ya dafa ta ba. Wanda ya cire ƙarami ya ɗora babba ya bar fuli, wato faifan da bel ke hawa yana juya shi, yadda yake, injinsa ya sayar.

Da kuɗina na koyi wannan. Garejina yana bakin titin da ya tashi daga Wudil ya nufi Gaya. Wani matashi ya taɓa kawo mini ƙaramar motarsa mai inji lita 1.6, wadda wani ya riga ya ɗora wa Eaton M45. Ƙura ta cinye cikin sufacajan, iska ta daina zuwa. Aka nemi irinsa aka rasa, sai M62 na Benz aka samu. Na ƙera masa mazauni, na ja bel, na bar shi da fulin da ya zo da shi ban auna ba. Muka fita gwaji da azahar cikin watan Afrilu. Giya ta uku motar ta tashi kamar an harba ta, yaron yana ta murna yana cewa, "Oga, wallahi ta zama wata aba!" Ba mu yi kilomita biyar ba na ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana girgizawa, sai farin hayaƙi ta salansa. Da muka buɗe top, gefen fistin na uku ya zagwanye kamar an ɗiga masa wutar walda. Laifina ne, ni na sayi fistin da ring da gasket na mayar. Abin da ke biye shi ne yadda nake yin aikin tun daga ranar.

Fara da tambayar ko aikin ya cancanta

Lambar da ke jikin sunan Eaton tana faɗar yawan iskar da yake turawa a juyi ɗaya. M45 kusan lita 0.75 ne, M62 kusan lita 1, M90 kusan lita 1.5. Akwai kuma wani ƙarami na kamfanin Aisin, AMR500, mai rabin lita. Idan injinka 1.3 ne ko 1.6, kuma M45 ɗinka lafiyarsa ƙalau, ka bar shi. Ya ishe ka. Mini Cooper S ta 2002 zuwa 2006 da M45 ta fito a kan inji 1.6, kuma da shi take ba da ƙarfin doki 163 zuwa 170. Canji yana da dalili ne a wuri biyu: ko ƙaramin ya mutu babba ne kawai a kasuwa, ko kuwa ƙaramin ya yi wa injin kaɗan har sai an juya shi kamar zai tashi sama kafin ya ba da abin kirki, kamar AMR500 a kan 1.6 ko 1.8. M90 kuwa ban yarda a ɗora shi a kan abin da bai kai lita 2 ba. Ya yi nauyi, ba wurin zamansa, kuma idan yana juyawa a hankali sosai iska tana sulalewa ta gefen haƙarƙarinsa ta koma baya, sai mota ta yi nauyin tashi.

Motar haya kuma, mai lodin buhuna da fasinja zuwa kasuwannin ƙauye, ba na yi mata wannan aiki ko nawa za a biya. Haka ma mai kafireto. Maganata a kan mota mai injekta ce.

Daga nan sai lafiyar injin. Ɗumama shi, cire fulogai duka, ka auna kwamfureshan na kowace silinda da totur a buɗe. Bambancin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Injin da ke shan baƙin mai, ko yake hura hayaƙi ta murfin mai, ko yake rage ruwan lagireto ba a ga inda yake zuba ba, a gyara shi tukuna. Matsi ba ya rufa wa inji asiri, tona shi yake yi.

Ka kuma binciki yawan matsewar da aka ƙera injin da ita. Nan ne mutane ke ruɗuwa da labarin Mini. Cooper S tana ɗaukar matsin kusan bar 0.8 ne (bar ma'aunin matsin iska ne) saboda an sauke matsewar silindarta zuwa 8.3 bisa 1, alhali 'yar'uwarta marar sufacaja tana kan 10.6 bisa 1. Yawancin ƙananan motocinmu suna tsakanin 9.5 da 10.5. Ga zafin ƙasarmu, ga shi fetur iri ɗaya ne a gidajen manmu, ba zaɓi. Don haka a injin da ba a taɓa cikinsa ba, ni bar 0.4 nake tsayawa, wato kusan psi 6 a agogon da ke ƙirga da psi.

Sayen sufacajan

A Kano, Ƙofar Ruwa za ka nufa, wajen masu kayan Benz na Beljiyam. Ka ce musu kwamfuresan inji kake nema, ka bayyana ba na AC ba, don suna ɗaya suke kiransu. M62 yana zuwa a C230 Kompressor da SLK 230 na ƙarshen shekarun 1990. Kada ka saya a cikin leda. Haska tocila ta bakinsa ka dubi haƙarƙarin: ɗan gogewar fenti ba komai, amma zane mai zurfi da farce ke maƙalewa a ciki alama ce ya sha yashi. Juya shi da hannu, ya tafi sumul ba gurnani. Sannan ka riƙe haƙarƙarin da yatsa ka motsa fulin gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas, abin da ke haɗa sandar gaba da giyoyin ciki ya ci, sai an canja. Na Benz ɗin nan yana da kuloci na lantarki a fulinsa irin na kwamfuresan AC. Sa masa wutar batir a nan gaban mai kaya ka ji ya kama.

Abu na ƙarshe kafin ka biya: ɓangaren da yake juyawa. Juya shi yadda karanshaf ɗinka ke juyawa, ka sa tafin hannu a mafitar iskar. In zuƙa yake maimakon hurawa, to dole a juya masa zama a cikin bonet, kuma sau da yawa wurin ba ya isa. Gara ka sani tun kana kasuwa.

Da ka iso gida ka zuƙe tsohon man da ke hancinsa da sirinji, ka zuba sabo har ya kawo bakin ramin. Mansa daban ne, na sufacaja, ba ya haɗuwa da baƙin man inji. Warinsa ba daɗi, kada wannan ya tsorata ka, haka yake.

Lissafin fuli

Nan ne zuciyar aikin, kuma biro da takarda kawai yake buƙata.

Inji mai bugu huɗu rabin girmansa yake zuƙa a kowane juyi na karanshaf. Wato 1.6 yana shan lita 0.8. Iskar da muke shaƙa tana da matsin kusan bar 1 da kanta, don haka in kana son ƙarin 0.4, sai ka ninka 0.8 sau 1.4, ka samu lita 1.12. Wannan ita ce iskar da sufacaja zai kawo duk juyi ɗaya na inji. Sai ka raba ta da girman sufacajan. M62 zai juya sau 1.12. M45 sau 1.5. AMR500 sau 2.24. Idan inji ya kai juyi 6,000 a minti, M62 yana kan 6,700 ke nan, M45 yana kan 9,000, ƙaramin Aisin kuwa ya haura 13,000 yana kururuwa yana dafa iska. Ka ga amfanin babba a fili.

Yanzu ɗauki ma'auni ka auna faɗin fulin karanshaf daga kan haƙoran da bel ke hawa, ba daga leɓensa ba. A ce ka samu milimita 140. Raba 140 da 1.12, fulin M62 zai zama milimita 125. Na M45 a wannan matsin 93 ne. To dubi abin da ke faruwa in ka mayar da fuli mai kusan 93 a kan M62: zai juya sau 1.5, ya kawo lita 1.5 inda ake shan 0.8, matsi ya tashi kusan bar 0.9. Fiye da ninki biyu na abin da ka shirya wa mai da wuta. Ainihin abin da ya narkar mini da fistin ke nan a hanyar Gaya.

Lissafin ba ya fita daidai-wa-daida a kan titi, saboda sulalewar iska da zafi da yadda bawul ɗin injin ke buɗewa. Yakan sauka kaɗan ko ya hau kaɗan. Shi ya sa nake fara wa da fulin da ya fi lissafi girma da 'yan milimita, in ga abin da agogo ya nuna, sannan in rage. Rage fuli aikin yini ɗaya ne. Sauke inji aikin mako ne.

Matsalar M62 na Benz ita ce fulinsa haɗe yake da kuloci, ba a canja shi cikin sauƙi. Sai a juya lissafin: a bar nasa, a ƙera wanda zai ja shi. In ka auna nasa ka samu 90, ninka sau 1.12, kana buƙatar fuli mai kusan milimita 100 a kan karanshaf. Ka kai wa mai injin fiƙe ƙarfe ya fitar maka da shi da haƙora shida, da ɗan tudu a baya da zai zauna cif a tsakiyar fulin asali, a ɗaure da kusoshi. Kada a yi walda a kan fulin asali. Akwai roba a tsakaninsa da ke shanye girgizar karanshaf, zafin walda yana kashe ta, kuma in ta mutu karanshaf ne ke biya. Bayan an ɗaura, juya injin da sifana kana kallon bakin sabon fulin. In yana rawa ko kaɗan, a sake.

Mazauni da bel

Cire kan batir. Cire tsohon sufacaja da mazauninsa, ka toshe bakin manifol da tsumma mai tsabta, don noti ɗaya in ya faɗa ciki ya gama da kai. Ɗora sabon a kan katakai a inda kake so ya zauna, rufe bonet a hankali ka ga ko yana taɓawa. Na kan ɗora ɗan curin yumɓu a samansa in rufe, in buɗe in ga nawa ya lotse. Ka bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da lagireto da bodi, domin inji yana motsawa a kan kujerunsa in an taka.

Yanka samfurin mazaunin da kwali tukuna, ka huda ramukan, ka gwada har ya zauna. Sannan a yanka a farantin ƙarfe mai kaurin milimita 8 zuwa 10. A jikin inji ake ɗaure shi, a wuri uku aƙalla, ba a jikin bodi ba. Mai walda ya ɗiga kawai, a mayar a gwada, sannan ya cika. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin ƙasa ya taɓo na sama. In sun saɓa da ko milimita ɗaya ne, bel zai riƙa cin gefe yana tsalle haƙori. Wasa ake sawa a gyara, ba guduma ba.

Bel mai haƙora shida za ka nema, wanda lambarsa ta fara da 6PK. Lambobin da ke biye tsawonsa ne da milimita, don haka zagaya igiya a kan fulolin ka auna ka tafi da adadin. Ya rungumi aƙalla rabin fulin sufacajan. In bai kai ba, ƙara fulin banza a bayansa ya lanƙwaso shi. Abin ɗame bel mai sifirin ya fi na kusa, saboda bel yana miƙewa in an taka ya saki in an ɗaga ƙafa. Baƙar ƙura a kusa da fuli alamar santsi ce.

Hanyar iska

Tsarin da na fi so shi ne: matatar iska, sai na'urar auna iska in motar tana da ita, sai totur, sai sufacaja, sai intakula mai sanyaya iskar, sai manifol. In mayar da totur gaba ya gagara, a bar shi a manifol, amma fa sai da bawul ɗin kewaye mai faɗi. Wannan bawul ba a wasa da shi a kowane tsari. Ƙaramar ƙofa ce tsakanin mafitar sufacaja da mashigarsa. Idan mota tana sulo ko tana tafiya a hankali, zuƙar manifol tana riƙe ta a buɗe, iska ta yi ta zagayawa ba matsi. Da an taka sai ta rufe. Babu ita, sufacaja zai yi ta tura iska a kan rufaffiyar ƙofa, ya yi zafi, ya sha mai a banza, ya fizge tiyo. Wanda ya ishi M45 ba lalle ya ishi M62 ba, ka duba faɗinsa. Iskar da ya sako kuma ta koma bayan na'urar auna iska, kada a zubar da ita waje, in ba haka ba ƙwaƙwalwar mota ta riga ta ƙirga ta, za ta zuba mata mai, mota ta riƙa mutuwa a mahaɗa.

Sai ƙananan tiyo, waɗanda su ne aka fi mantawa. Manifol da a da zuƙa kawai yake yi, yanzu wani lokaci hurawa yake. Tiyon da ke zuwa tukunyar birki dole ya kasance da bawul mai hanya ɗaya, ka cire shi ka busa ta kowane gefe ka tabbatar yana aiki. Wannan maganar rai ce. Tiyon numfashin inji da ke fitowa daga murfin top shi ma a sa masa irin wannan bawul, ko a mayar da shi gaban sufacaja, in ba haka ba matsi zai shiga cikin inji ya turo baƙin mai ta kowane sil. Kowane bakin bututu a yi masa ɗan leɓe da walda don kilif ya samu abin kamawa.

Intakula kuwa a ƙasar nan wajibi ne. Matsa iska yana ɗumama ta. In ana zafin digiri 42 a inuwa, irin na Afrilu da Mayu, iskar da ke fita daga sufacaja a bar 0.4 tana iya kai wa digiri 90 zuwa 100. Iska mai wannan zafi ita ke sa mai ya fashe da kansa kafin lokacinsa. Na ƙananan motocin dizal masu turbo yana yi, a wanke cikinsa da fetur a shanya. A sa shi gaban lagireto inda iska ke bugunsa. Tunda zai tare wa lagireto wani abu, a wanke lagireton, a tabbatar fanka tana da ƙarfi. Matatar iska kuma a kai ta inda za ta sha iskar waje, nesa da salansa, amma kada a sauke ta ƙasa. Damina na zuwa, kuma sufacaja ba ya bambance iska da ruwan kwazazzabo.

Mai da wuta

Zuga ba gawayi, ƙarfen kawai za ka ƙona. Fetur yana ƙonewa daidai a kan awo 14.7 na iska bisa awo 1 na mai, kuma a nan mota ke tafiyarta ta yau da kullum. Amma a ƙarƙashin matsi ana so ya sauko tsakanin 11.5 da 12, saboda rarar man ita ke sanyaya kan fistin. Ba a gane wannan da kunne ko da warin salansa. Sai an ɗaura na'urar auna haɗin mai da iska mai faɗin zango a salansa, da agogonta a gaban direba, kusa da agogon matsi. Wanda ba shi da kuɗin waɗannan agogo biyu, kuɗin aikin bai cika ba tukuna, ya jira.

Injin doki 100 a bar 0.4 zai ba da wajen 125 zuwa 130, bayan an cire abin da sufacajan kansa ya ci. A inji mai silinda huɗu, lissafina shi ne cc 2 a minti ga kowane doki a kowane nozul. Doki 130 yana son nozul mai kusan cc 260, don kada ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Famfon mai ma a gwada shi da agogo a ƙarƙashin lodi. In matsin mai yana faɗuwa lokacin da aka taka, a canja famfo da matatar mai. Abin daidaita matsin mai ya samu tiyonsa daga manifol, don ya riƙa hawa tare da matsin iska.

Amma manyan nozul ba sa tafiya da tsohon lissafin ƙwaƙwalwa. Hanya uku ce. Ko a sake rubuta ta asalin in irin wadda ake iya buɗewa ce, ko a ɗora mata ƙaramar na'ura mai gyara saƙon da ke shiga da fita, ko a cire ta a sa mai zaman kanta irin Speeduino ko MegaSquirt. Ta ukun ta fi wahalar wayarin, ita ce kuma ta fi ba da natsuwa. In motar da matsin manifol take auna iska, ka sani na'urar asali ba ta gani sama da kusan bar 1, wato duk abin da sufacaja ya ƙara a duhu take. Sai an sa na'urar da ke gani har bar 2. A nan nake kiran mai wayarin da ya iya kwamfuta daga cikin gari, in biya shi kuɗin motarsa da na aikinsa, kuma ban taɓa da-na-sanin wannan kuɗi ba.

Wuta kuma ja da baya ake yi da ita. Cakuɗen da aka matsa yana ci da sauri, don haka tayamin ɗin da ya dace da inji a da, yanzu ya yi wuri. Ƙa'idar da masu aikin ke farawa da ita ita ce a janye kusan digiri ɗaya ga kowane psi ɗaya. A psi 6, digiri 6 ke nan, daga baya a riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan in inji ya yarda. Fulogi a sa mai sanyi da mataki ɗaya. A NGK lamba mafi girma ita ce mafi sanyi, wato mai BKR6E ya koma BKR7E, a matse bakinsa zuwa milimita 0.7. In an cire wa motar tamostat an haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda aka saba yi a garejojinmu, a mayar. Ƙwaƙwalwa da zafin ruwa take lissafin mai, injin da zafinsa ke yawo ba ya saituwa.

Tayarwa da gwaji

Tashin farko ba tare da sufacaja yana aiki ba ake yi. Na Benz a bar wayar kulocinsa a cire, a ɗaure bawul ɗin kewaye a buɗe don iska ta samu hanya. Inji ya yi sulo lafiya, ba yoyon mai, agogon haɗi yana kusa da 14.7. Sannan a kashe, a toshe bakin bututu, a hura masa iska kaɗan da famfon taya, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda ya yi kumfa a ɗaure. Sai a haɗa kuloci a sake tayarwa, a tsaya a gefe, ba a saitin bel ba, a kalle shi minti goma.

Kafin a fita titi nakan haɗa abin sauraro. Guntun bututun jan ƙarfe ne, a daddale bakinsa ɗaya a huda, a ɗaure da kusa a jikin bulok kusa da top. Ɗaya bakin a sa masa dogon tiyo ya shigo cikin mota har kunnen wanda ke zaune a gefe. Lafiyayyen inji ta cikin tiyon nan kamar keken ɗinki yake, shhh-shhh a jere. Fashewar mai kuwa ƙas-ƙas ce mai kaifi, kamar ana fasa gyaɗa a kan faranti. Ta tiyo za ka ji ta tun tana ƙarama, tun kafin ta zama tsakuwar gwangwanin da na ji a makare.

Mutum biyu ke fita, bayan sallar asuba, iska da sanyi, titi ba kowa. Ban da ranar Juma'a a wajenmu, don tun duku-duku motocin shanu ke kwararowa kasuwar Wudil. Direba titi kawai zai kalla. Na gefe shi ke da agogo da tiyo. Yarona na kan ce masa, "Kai, ko kokwanto ka yi, ka ce in ɗaga." A giya ta uku, daga juyi 2,000 a taka rabi zuwa 3,000, a ɗaga. In matsi bai wuce abin da aka nufa ba, haɗi ya sauko 12, kunne bai ji komai ba, a ƙara zuwa 4,000, a haka a haka har sama. In agogo ya nuna 13 ko fiye alhali akwai matsi, a ɗaga ƙafa nan take a ƙara mai. In an ji ƙas-ƙas, a janye wuta digiri biyu. Bayan kowane zagaye biyu a cire fulogi a duba farin cikinsa a rana. Ɗige-ɗige baƙaƙe kamar barkono, ko masu ƙyalli kamar garin azurfa, fistin ne ya fara zubar da jikinsa.

In komai ya zauna da safe, aikin bai ƙare ba. A sake fita da ƙarfe biyu na rana, da mutum huɗu a ciki da AC a kunne. Saitin da ya tsira a wannan shi nake miƙa wa mai mota, kuma ko a nan nakan ƙara janye digiri ɗaya saboda ranar da zai sha man da bai kai ba.

Kuloci na mota shi ke fara kuka. In juyi yana hawa gudu ba ya ƙaruwa a giya ta huɗu, yana santsi, a sa mai ƙarfi. Birki a sa sabon fata da sabon mai tun kafin gwajin farko, tayoyi kuma a duba shekararsu ba zanensu kaɗai ba. Ƙarfin da aka ƙara na wuce tirela cikin aminci ne da hawa da kaya. Dokar hanya ba ta canja ba, kilomita 80 a awa ce ga ƙaramar mota a babban titi, 100 a tagwayen hanya, kuma titunanmu akwai awaki da yara da amalanke.

Mai motar yakan tambaye ni, "Oga, man fa?" Gaskiya nake gaya masa. In yana tafiya a hankali bawul ɗin kewaye a buɗe, bambancin kaɗan ne. In ƙafarsa ta saba da ƙasa, zai ji a aljihu, balle tun da aka cire tallafi a 2023. Man galan na bakin hanya kuwa ya yi sallama da shi, don wanda aka gauraya da kananzir a taku ɗaya zai iya gamawa da injin.

Bayan kilomita 500 ya dawo a sake ɗaure kusoshin mazauni da na fuli, a duba bel da kilif. Baƙin mai a riƙa juye shi da wuri fiye da da. Lokacin hunturu, in ƙura ta sauko har ba a ganin bishiyar da ke tsallaken titi, matatar iska duk mako ake cire ta a duba, a kuma shafa yatsa a cikin bututun da ke bayanta. In yatsa ya fito da gari, akwai inda ƙura ke shiga, a nemo wurin a toshe kafin motar ta sake fita.